Yoyon Baƙin Mai da Takardar Garanti: Nazari a Kan Haƙƙin Mai Mota a Birnin Sakkwato

Cikin lalurorin da ke kai mota gareji, da wuya a sami wadda take haddasa jayayya tsakanin mai saye da mai sayarwa kamar yoyon baƙin mai. Idan gilashi ya fashe ko taya ta yi bindiga, kowa ya san ranar da abin ya faru, ya kuma san a hannun wa motar take. Yoyon mai ba haka yake ba. Yakan soma da ɗan damshi a gefen inji, ƙura ta lulluɓe shi, a shafe makonni ko watanni kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa. Ranar da mai mota ya wayi gari ya ga tabo a inda ya kwanar da ita, tambaya ɗaya ce za ta raba shi da wanda ya sayar masa: da aibin aka sayo ta, ko a hannunsa ya samu? Duk wata rigimar garanti a kan wannan tambaya take tsayawa.

Abin da wannan nazari yake son tabbatarwa shi ne, mai mota a Sakkwato yana da haƙƙi ta fuska biyu, ta dokar tarayya da ta fiƙihun Malikiyya da mutanen garin suka tashi a kansa, amma galibi haƙƙin kan suɓuce masa saboda abu biyu: rashin hujja a rubuce, da rashin masani kusa da gida wanda ɓangarorin biyu za su yarda da maganarsa.

Ta ina man yake fita

Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu, irin su Corolla da Camry da Civic da suka cika titunan birnin, yana ɗaukar kimanin lita huɗu na baƙin mai. Famfo ne ke zuƙo man daga kaskon ƙasa, wanda kanikawa ke kira botom filet, ya tura shi da ƙarfi cikin ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da kan inji, sannan ya gangaro ya dawo. A cikin wannan zagaye zafinsa kan kai wajen digiri 100. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a jikin inji akwai gasket ko gam a tsakani, duk inda sanda mai juyawa ta leƙo waje akwai zoben roba da ake kira oyil sil. Waɗannan su ne ƙofofin da mai yake nema.

Ƙofofin ba darajarsu ɗaya ba. Gasket na murfin saman inji shi ya fi yawan saki, kuma gyaransa aikin awa ɗaya ne ko biyu. Haka notin juye da wosharsa, da robar filta, da ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai a gaban direba. Amma oyil sil na bayan karanshaf, ko da yake shi kansa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai an sauke giya kafin hannu ya kai gare shi. Murfin da ke rufe sarƙar inji ta gaba kuwa, a wasu motocin sai an ɗaga injin ɗungurungum. Saboda haka kuɗin aiki ne ake rigima a kansa, kayan gyaran kansu ba su cika kai a yi musu ba. Wannan ya sa kowane ɓangare yake da ra'ayi tun kafin a buɗe mota: mai sayarwa yana fatan a ce daga sama ne, a ɗaure a sallame shi, bakaniken da ake biya da yawan aiki kuma ba ya ƙin a ce daga ƙasa ne.

Akwai wani abu da yake ƙara rikita bincike. Mai yana bin gangare, iskar tafiya kuma tana tura shi baya. Man da ya fito daga murfin sama zai iya biyo bayan inji ya taru a mahaɗar inji da giya, daidai inda yoyon oyil sil na baya yake bayyana. An sha sauke giyar mota a banza saboda wannan. Hanyar da masana suka yarda da ita mai sauƙi ce: a wanke injin tsaf, a bar shi ya bushe, a yi tafiya da motar, sannan a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama har inda ya ƙare. Manyan cibiyoyin gyara sukan zuba wani rini a cikin man, wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman. Inda babu rinin, farar hoda da aka barbaɗa a busasshen inji takan nuna hanya.

Wajibi ne kuma a rarrabe abu uku da bakin mutane yake haɗawa wuri ɗaya. Akwai naso, wato damshin da ƙura ke mannewa a kai amma ba ya ɗiga. Akwai yoyo na sosai, mai barin tabo a ƙasa. Akwai kuma shan mai, inda man yake raguwa a geji ba tare da an ga ɗigo ba, domin yana wuce zoben fistin yana ƙonewa tare da fetur ya fita ta salansa. Kamfanonin ƙera motoci da dama ba sa ɗaukar naso a matsayin aibin da garanti zai biya, sun kuma yarda da wani ma'auni na shan mai a matsayin ɗabi'ar inji. Mai motar da bai san wannan rabe-raben ba zai shiga ofishin dila yana cewa motarsa tana zubar da mai, a leƙa a ce masa naso ne, ya koma gida yana ganin an raina masa hankali. Wani lokaci gaskiya aka gaya masa. Wani lokaci kuma ana jan ƙafa ne har wa'adi ya cika.

Yanayin Sakkwato yana da nasa hannu a ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma roba, kowace iri ce, zafi yana busar da ita har ta ƙandare ta daina kama ƙarfe. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi wadda ke shiga leɓen oyil sil tana cin sa a hankali. Akwai wani ɗan bawul a saman inji da ke fitar da tururin da ya taru a ciki. Idan dauɗa ta toshe shi, iska takan cika cikin injin ta tunkuɗo mai ta duk inda ya yi rauni, a yi ta sauya gasket yoyo yana dawowa. Ramukan hanya su ma suna fasa kaskon ƙasa ko su lanƙwasa shi. Sai kuma abin da hannun mutane ke jawowa: man juye na jabu, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta daɗe tana kamawa a kasuwannin ƙasar nan, zuba mai fiye da layin geji, ɗaure notin juye har haƙorinsa ya cinye, mayar da tsohuwar wosha, da lafta gam a inda gasket ya kamata. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro, domin gam ɗin da ya yi yawa yakan gutsuro ta ciki ya toshe rariyar famfon mai, yoyon da ake gudu ya tsaya, injin kuma ya buga.

Duk wannan yana nufin cewa a Sakkwato, idan mota ta yi yoyo, mai sayarwa ba zai rasa abin da zai ɗora wa laifi ba: zafi, ƙura, hanya, ko bakaniken unguwa. Kuma kowane ɗaya daga ciki zai iya zama gaskiya.

Mota uku, garanti uku

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sayen sabuwar mota ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnati a Arewa. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta zama motar ofis da ta gida da ta haya. Manyan kamfanonin ciniki irin su SCOA da UTC da CFAO da J. Allen suna sayar da motoci, suna da garejinsu da kanikawan da suka horar. A Sakkwato har yau akwai wurin kanikawa da ake kira J. Allen. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, daga baya kuma Amurka. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama mashigarsu, su ratso Jamhuriyar Nijar su shigo ta Birnin Ƙonni da Illela, ƙasa da kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka kuma rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Hanyar shigowa ta sauya, amma irin motar da ake shigowa da ita ba ta sauya ba.

Yau ana iya kasa motocin birnin gida uku. Akwai sabuwa dal daga wakilin kamfani, wadda galibi gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji da 'yan tsirarun masu hali ke saye. Akwai 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda ta tsufa a wata ƙasa amma sabuwa ce a nan. Akwai kuma ta hannu, wadda ta zaga hannun mutum biyu ko uku a cikin gida. Ta farko ce kaɗai take zuwa da takardar garanti ta haƙiƙa.

Garantin sabuwar mota a Najeriya yawanci shekara uku ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanoni kuma suna ba da shekara biyar. Yoyon mai da ya samo asali daga kuskuren ƙira ko na haɗawa yana cikin abin da ya rufe. Sai dai akwai sharaɗi: a riƙa yin sabis a kan lokaci a cibiyar da kamfani ya amince da ita, a buga hatimi a littafin motar. Tazarar da aka saba gindayawa a ƙasar nan ita ce kowace kilomita 5,000. To, manyan cibiyoyin wakilan kamfanoni sun taru ne a Legas da Abuja da Fatakwal, sai Kano da Kaduna. Daga Sakkwato zuwa Kano kimanin kilomita 500 ne. Zuwa da dawowa kusan 1,000 ke nan, wato kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar man da aka je juyewa ya ƙare a kan hanyar juye shi. A haɗa da kuɗin fetur bayan cire tallafi a Mayun 2023, da kwanan direba, da fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ba abin mamaki ba ne jami'in kula da motoci na wata ma'aikata ya ce a kai ta wurin kanikawan Sahara ko Buzaye a cikin gari a juye mai kawai. Yana da uzuri, amma daga ranar littafin sabis ya sami giɓi, kuma giɓin nan shi ne abin da za a fara nuna masa ranar da ya zo da ƙorafin yoyo.

Ya kamata a fahimci yadda aikin garanti yake tafiya a cikin gidan dila, domin ba duk jinkiri ne mugunta ba. Dila ba daga aljihunsa yake biya ba. Yakan buɗe katin aiki, ya duba, ya ɗauki hotuna, ya aika wa babban wakilin kamfani, ya jira amincewa, sannan a nemo kayan gyara, wani lokaci daga ƙasar waje. Kamfani yana biyan ladan aikin ne bisa awannin da shi ya ƙayyade, wanda sau da yawa bai kai abin da mai mota zai biya da hannunsa ba. Idan kuma aka ƙi amincewa bayan an gama aiki, asarar ta dila ce. Tsarin da kansa yana tura dila ga taka-tsantsan, ya ce a wanke a dawo bayan kilomita 1,000 a sake dubawa. Ga mazaunin Abuja wannan magana ce ta hankali. Ga wanda ya taso daga Sakkwato tafiya ce ta biyu, kuma da yawa ba sa yin ta. A ganina a nan ne garanti ya fi mutuwa: ba a hana shi da baki, nisa ne ke sa mai haƙƙi ya haƙura.

A Amurka an magance wani ɓangare na wannan tun 1975 da dokar Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ɗaure garantinsa da sharaɗin sai a wurinsa za a yi sabis ko sai kayansa za a saya, in dai ba kyauta yake bayarwa ba. Idan yana son ya ƙi biya, sai ya nuna cewa aikin da aka yi a waje ne ya jawo lalacewar. Irin wannan ƙa'ida ta fi dacewa da gari kamar Sakkwato fiye da ƙasar da aka yi ta.

Motar Beljiyam kuwa labarinta daban ne. Garantin Toyota a Amurka, misali, shekara uku ne ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, shekara biyar ko mil 60,000 a kan inji da giya, kuma ba ya bin mota zuwa Afirka. Motar da kamfanin inshora ya yanke wa hukuncin asara ya kai ta gwanjo, irin waɗanda ake saye a Copart da IAA, garantinta ya faɗi tun a can. Abin takaici shi ne wasu daga cikin motocin da muka fi so suna da aibin da kamfanin da kansa ya amsa. Injin Toyota mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle a kasuwa, ya yi suna da shan mai saboda ƙirar fistin da zobensa. A 2015 kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 10 ko mil 150,000 ga masu motar a Amurka: a cika mai, a rufe, a yi tafiyar mil 1,200, idan ya sha fiye da kusan lita guda a sauya fistin kyauta. Haka a 2010 kamfanin ya sanar da sauya wani bututun mai mai guntun roba a motoci sama da 900,000 masu injin V6, ciki har da Camry da Avalon da RAV4 da Lexus ES 350, domin robar kan fashe man ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. Motar da aka yi wa gyaran kafin ta hau jirgi, mai ita ya yi sa'a. Wadda ba a yi wa ba, aibin da kamfani ya amsa a can shi wani malamin makaranta zai biya da albashinsa a unguwar Mabera ko Arkilla. Lambar shasi takan nuna tarihin mota a intanet, amma masu dubawa kafin su biya kuɗi kaɗan ne.

A filin sayar da motoci garanti magana ce ta baki. "Alhaji, wagga mota lahiyatta lau, ba a taɓa kwance injinta ba. Ka zo da makanikenka shi duba." Bakanike ya zo, ya tayar da inji, ya zaro geji, ya leƙa salansa, ya ce ba laifi. Ba a ɗaga motar sama ba, injin kuma an wanke shi da safe yana ƙyalli. Bayan sati biyu ɗigo ya bayyana, amsar ita ce, "Ai da idonka kag gani kas saye." Adalci ne a faɗi cewa dillalin sau da yawa ba shi ne mai motar ba, la'ada kawai ya ci, kuɗin kuma ya riga ya wuce Legas ko Kwatano. Akwai kuma masu saye da za su tuƙa mota ba ruwa a lagireto har ta yi zafi gasket ya ƙone, su dawo suna rantsuwa haka aka ba su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da doka ta ce, da abin da fiƙihu ya ce

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, mai aiki, marar aibi, wanda zai jure na wani lokaci gwargwadon hankali. Sashe na 132 ya mayar da wannan garanti na dole ko da ba a rubuta ba: cikin wata uku da karɓar kaya, idan ya gaza wannan ma'auni, mai saye na iya mayar da shi, mai sayarwa kuma ya gyara ko ya musanya ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 shi ne mafi nauyi ga batunmu, domin ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin aibi. Mai ƙorafi na iya zuwa ga kamfanin, ko hukumar, ko kotu kai tsaye. A fahimtata lafazin dokar bai keɓe sababbin kaya ba, illa dai yana la'akari da yanayin da aka yi cinikin, don haka ba za a auna motar da ta shekara goma sha biyu da ma'aunin sabuwa ba. Naso a tsohon inji abu ne da mai saye ya kamata ya yi tsammani. Tsagaggen kasko da aka liƙe da gam aka shafe da fenti ba ya cikin wannan.

Wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a garin Shehu. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun yi dogon bayani a kan zaɓin mayar da kaya saboda aibi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe babi ga ciniki a Ihya'us Sunna. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ke rage masa daraja, wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe. Idan wani sabon aibi ya auku a hannunsa kafin ya gano tsohon, yana iya riƙewa a biya shi bambancin farashi, ko ya mayar ya biya abin da ya ragu a wurinsa. Cewar mai sayarwa ya barranta daga kowane aibi ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Malamai sukan kafa misali da dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a kasuwa, wadda hadisi ya ba mai sayenta zaɓin mayarwa. Wanke inji da safiyar ranar ciniki don a ɓatar da sawun yoyo, ko zuba mai mai kauri don a danne ƙara da hayaƙi, ban ga abin da ya raba su da wannan ba.

Amma fiƙihu yana da sharuɗɗa biyu da masu mota ke tuntuɓe a kansu. Na ɗaya, wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da abin ba tare da larura ba, ana ɗaukar hakan yarda ce, zaɓinsa ya faɗi. Mutumin da ya ga ɗigo ya yi ta ƙara mai yana hawa wata biyu, sai da inji ya buga ya tuna da dillali, ya raunana da'awarsa da hannunsa. Na biyu, idan aka yi saɓani ko aibin tsoho ne ko sabo, alƙali yana komawa ga masana sana'ar. In sun tabbatar tsoho ne, an gama. In abin ya ɗauki fuska biyu, maganar mai sayarwa ake karɓa tare da rantsuwa. A nan fiƙihu da dokar 2018 suka rabu: ɗaya ya bar nauyin a kan mai da'awa, ɗaya ta mayar da shi kan ɗan kasuwa. Duk da haka a wuri guda suke tsayawa, wato gaban mutumin da zai leƙa ƙarƙashin mota ya ce wannan dauɗar ta shekara ce, ko kuwa wannan tsagar ta jiya ce. Kuma ana iya ganewa. Tsohon yoyo yana barin baƙin kaurin mai da ƙura a lungunan da ruwan wanki ba ya kaiwa, ƙandararriyar roba ba ta sati biyu ba ce, sabon duka a kasko kuma yana da ƙyallin ƙarfe.

Wannan masani shi ne abin da Sakkwato ba ta tanada ba a tsare. Yau kowane ɓangare da bakanikensa yake zuwa, kowane bakanike kuma ya san wanda zai sallame shi. Ƙarshenta magana ta tafi ofishin 'yan sanda, inda ba hurumin rigimar ciniki ba ne, ko a tara dattawa a raba asara biyu don a zauna lafiya. Sulhu alheri ne, amma sulhun da ba a gina kan sanin gaskiyar aibi ba yakan zama tukuici ga wanda ya ɓoye, kuma gobe zai sake.

Garin bai rasa mutanen da za su iya wannan aiki ba. Akwai sashen injiniyan inji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Akwai tsofaffin kanikawa a ƙungiyarsu ta NATA waɗanda suka fi shekara talatin suna kwance inji. Ɗan jihar nan, Jelani Aliyu, ya jagoranci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023, kuma a lokacinsa aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a jami'ar a 2021. Garin da ya kai ga wannan bai kamata ya rasa wurin da za a ɗaga mota sama a rubuta rahoton shafi ɗaya ba. Kwamiti ƙarami na mutum uku, ɗaya daga kanikawa, ɗaya daga ƙungiyar dillalan motoci, ɗaya daga makarantun nan, wanda ɓangarorin biyu za su biya kuɗinsa daidai, kotun shari'a da ta majistare su riƙa karɓar rahotonsa, zai kashe mafi yawan waɗannan rigingimu kafin su girma.

Gwamnatin jiha ma tana da ƙarfin da ba ta amfani da shi. Tana cikin manyan masu sayen sababbin motoci a jihar, na jami'ai da na tsaro da na asibitoci. Mai sayen mota hamsin a lokaci ɗaya yana da bakin cewa ba zai sa hannu ba sai an rubuta cewa kamfani zai amince da gareji guda a cikin birnin Sakkwato, ya horar da kanikawansa, ya karɓi hatiminsa a littafin sabis, ko kuma ya riƙa turo motar gyara a kan lokaci. Idan aka saya ta hannun ɗan kwangilar da ba wakilin kamfani ba, ba a ma san inda takardar garantin take ba, to dukiyar jama'a ce aka bari ba mai tsaronta. Cibiyar da aka buɗe don motocin gwamnati kuwa, ɗan kasuwar da ya sayi tasa shi ma zai amfana.

Ga dillalan filin mota, abin da nake roƙo bai wuce takarda ɗaya ba, da Hausa, ko da boko ko da ajami: lambar shasi, awon tafiyar da ke kan allo ranar ciniki, aibin da aka nuna wa mai saye ya yarda da shi, da adadin kwanakin da aka ba shi a kan inji da giya. Dillalin kirki ba ya asara da wannan, domin ita ce za ta kare shi daga mai sayen da ya ƙona inji da sakacinsa.

Kai kuma mai shirin saye, kada ka biya kuɗin motar da aka wanke injinta sai an yi tafiya mai nisa da ita, an ɗaga ta, ka leƙa da idonka, in da hali ta kwana a kan busasshen siminti. Idan kuwa ka riga ka saya, ka ga ɗigo cikin wata ukun farko, ɗauki hotonsa da na awon tafiya a ranar, ka aika wa wanda ya sayar maka a rubuce, ka ajiye rasit ɗin kowane juye, ka jingine motar in man yana raguwa a geji, kuma kada ka bari kowa ya sa sifana a injin kafin ka sami amsarsa.